Koren Tampol

Zuwa ga Yayana Mai Burtsatse,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya nauyin jikinta? A lissafina ta kusa sauka. Ni lafiyata lau, in dai ana kiran wanda ba ya runtsawa mai lafiya.

Yaya, me nake ji haka? Tun ranar da rediyo ya ce sojojin waje sun shigo ƙasarmu nake kiran wayarka, har yatsana ya haddace lambar. Ba ta shiga. An ce tun ranar farko suka kakkarya turakun sabis. Shi ya sa na koma takarda da biro kamar zamanin iyayenmu. Wanda zai miƙa maka wannan direba ne, yana kai magani asibitin unguwarku daga nan, na taɓa ɗinka wa matarsa labule. Ya ce duk zuwa zai leƙo gidanka, sai ka ba shi amsa.

Ina yarinyata? Duk sauran maganar da zan yi cikon takarda ce. Na bar ta a hannunka ne saboda makarantarta tana bayan gidanka, kuma jarrabawar ƙarshe kawai ta rage mata. Lokacin da babanta ya rasu na ce zan tsallako iyaka neman aiki, dangi na kusa kowa ya noƙe. Kai da zumuncinmu sai an zauna an warware, kakanka da kakata wa da ƙanwa, kai ne ka ce a kawo ta. Ban manta ba. Amma yanzu ka gaya min tana ina, tana cin abinci, tana barci?

Nan ma ba zaman lafiya. Layinmu ya cika da mutanen ƙasarmu. Shekaranjiya na zo buɗe shago na tarar da wata mata zaune a bakin ƙofa, takalmi ƙafa ɗaya, ta rungume agogon bango. Agogon bango fa, Yaya! Na ce, "Baiwar Allah, ina 'ya'yanki?" Ta dube ni ta ce, "Da na tsaya da gudu, shi na gani a hannuna." Ban iya zura zare a allura ba ranar.

Mun daina ɗinkin kayan makaranta. Mai shagon ya karɓo aikin tantuna na sansanin 'yan gudun hijira, daga safe zuwa yamma tampol muke yanka muna haɗawa, allurai sai karyewa suke. Mutanen garin da a da muke gaisawa har da tambayar iyali, yanzu kallon gefen ido suke mana, wai mu muka kwaso musu fitina. Motocin sojojin ƙasar nan kuma kullum sai sun wuce ta gaban shago sun nufi iyaka.

Ka rubuto ko layi biyu ne. Ka gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Tela

*

Zuwa ga ƙanwata Tela,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, kuma kafin ki tsallake gaisuwa ki tafi neman abin da kike nema, ga shi nan a sama: Malama lafiyarta lau. Tana ci, tana barci, tana nan tana gyara min magana kamar yadda ta saba, abin da ya sa na raɗa mata sunan tun farko. Yanzu haka tana tsaye a kaina wai rubutuna kamar kaza ta bi ta kan takarda.

Mai ɗakina ta sauka, mun samu mace. A barandar asibiti ta haihu, a ƙasa, don gadaje duk masu rauni ne a kai. Ta zubar da jini sosai, har yau in ta miƙe jiri ke kwasar ta. Malama ce ke riƙe da gidan nan yanzu, ita ce girki, ita ce wankan yara, ita ce goyon jaririya. Ba wanda ya sa ta. Allah ya yi mata albarka, kin haifi mutum.

Abin da ya same mu kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Na ɗauka na san ƙara, mutumin da ya tsufa a gindin injin haƙa. Ashe ban san komai ba. Makarantar su Malama babu ita, bam ya sauka a kanta. Da safe ne, Allah ya sa an riga an sallami ɗalibai, maigadi kaɗai ke ciki. Kin tuna shi, tsohon nan mai ba yara alewa a bakin ƙofa? Hularsa muka samu a kan bishiya.

Sun fasa babban tankin ruwa na gari, famfo ya ɗauke. Mata na tafe da jarkoki har bakin kogi, yara kuma sun fara gudawa. Saboda haka ni da yaran aikina biyu, Dogo da Makaniki, ba mu da hutu. Tsohuwa, motar haƙan nan da kike cewa ta girme ki, ita ce amaryar gari yanzu. Duk unguwar da muka shiga har tafi ake mata. Ko a shingen sojoji, in suka ga injin haƙa sai su ɗaga mana hannu, don su ma ruwan suke sha.

Waɗanda nake tsoro su ne na sama, jiragen nan marasa matuƙi. Mu sauro muke kiransu saboda kukansu. Akwai wani bawan Allah mai sayar da bututun ban-ruwa, ya loda kaya a motarsa ya rufe da tampol kamar yadda kowa ke yi. A kan hanya suka same shi. Washegari rediyonsu ya ce sun tarwatsa mota ɗauke da rokoki. Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa! Ashe daga sama, dogon abu in an lulluɓe shi, makami suke gani. Tun ranar na yaye wa Tsohuwa mayafinta. Bututaina a buɗe suke tafiya, na shafe su da fenti fari da shuɗi, Malama kuma ta hau rufin mota ta zana ƙaton famfo yana ɗiga, tunda ba yarenmu suke ji ba. Famfon ya fi kama da agwagwa, amma ban gaya mata ba.

Na tafi da ita aiki sau ɗaya don ta sha iska. Ta dawo tana mita, wai Kawu ya cika wahalar da mutane, kowace gada sai an sauka. Kin san dokata ce tun ina yaron mota. Tsohuwa nauyi gare ta, gadojinmu kuma kin san su. Kowa ya sauka ya haye da ƙafa, in ya kai can ya juyo ya ba ni hannu, sannan in lallaɓa in taho ni kaɗai. Ta ce, "Kawu, in gadar ta karye da kai fa?" Na ce, "Sai ku samu labarin bayarwa."

Shawarata, ki bar ta a nan tukuna. Hanyar iyaka ba ta da kyau, cikin gida ya fi. In abubuwa suka lafa ni da kaina zan kawo miki ita.

Yayanki,
Mai Burtsatse

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ni ina nan.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a tsakiyar shago, kuma zan gaya maka gaskiya, raina ya ɓaci. Makarantar da na bar ta dominta ta zama toka, a bayan gidanka, katanga ɗaya tsakani, sannan ka ce min cikin gida ya fi? Wane gida? Sai da na kai wurin da ka ce ita ce girki, ita ce wanka, ita ce goyo, sannan na gane. Mai ɗakinka na kwance, ga yara, ga jaririya, ga yarinya mai hannu da ƙafa a gida. Ina za ka so ta tafi? Na kawo maka ɗaliba, Yaya, ban kawo maka 'yar aiki ba. Da 'yar cikinka ce da tuni ka san yadda ka yi da ita.

Ka san abin da nake gani a nan? Muna kai tantuna sansani da kanmu mu kafa. Akwai wata mata a can da ba ta magana da kowa sai ni, don ta ji muryar garinmu a bakina. A shinge aka sauke 'yarta daga mota, sa'ar yarinyata, aka ce tambayoyi za a yi mata, su yi gaba za ta biyo su. Har yau tana zaune a bakin ƙofar sansani tana duba duk motar da ta tsaya. Jiya ta kama hannuna ta ce, "Taki tana ina?" Na ce tana wurin yayana. Ta ce, "To me kike jira?"

Kuma magana ta yi ƙarfi cewa ƙasar nan za ta rufe iyaka. An yi harbe-harbe a ƙauyukan bakin iyaka ta wannan ɓangaren, sun ce masu ɗauke da bindiga na shigowa cikin 'yan gudun hijira. In aka rufe, shi ke nan, ni a nan ita a can.

Da bakinka ka ce sojoji na ɗaga wa motarka hannu. To ka sa ta a ciki ka kawo ta bakin iyaka, ni zan tsaya ta wannan gefen ko kwana nawa ne. Ga tampol nan na ba direba ya kawo maka. Da hannuna na ɗinka shi bayan an tashi aiki, ninki biyu, na sa masa zobba a gefe da igiya mai ƙarfi. Na zaɓi koren don ya fi farin kauri, ba a hango abin da ke ƙarƙashinsa, kuma ba ya nuna dauɗa. Ka gyara mata wuri a baya tsakanin bututai ka rufe, kada idon soja ko ɗaya ya sauka a kanta.

In zumuncin nan na Allah ne, ka yi min wannan.

Tela

*

Tela,

Muna lafiya, mai jego da sauƙi. Ina fata kina lafiya.

Na ga saƙonki. Ban taɓa zaton akwai ranar da za ki rubuta min 'yar aiki ba. Na so in ba ki amsa mai tsawo, na fasa. Uwa ce ke, kuma kin ga abin da ban gani ba.

Akwai wani ƙauye kusa da iyaka da suka daɗe suna roƙona rijiya. Na karɓi aikin. Za mu tashi farkon mako mai zuwa, Malama na tare da mu. Ta ce ba za ta tafi ta bar jaririya ba, na ce umarnin uwarki ne, ta yi kuka ta haɗa kayanta.

Tampol ya iso. Ɗinki ya yi kyau. Na ga kalarsa.

Mai Burtsatse

*

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaishe da mai jego, amma don Allah ka karanta wannan kafin ka yi komai.

Kada ka rufe motar! Kada ka taɓa tampol ɗin nan, ka jefa shi a rami, ka ƙona shi. Da na ga ka rubuta "na ga kalarsa" na yi ta juya maganar ina kan keken ɗinki, me ya sami kalarsa? Sai na ɗauko wasiƙarka ta farko na zauna na karanta ta tun daga sama. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai bututun ban-ruwa! Ga shi nan ka rubuta ɓaro-ɓaro, ka ce ka yaye wa Tsohuwa mayafi, ka faɗi dalili. Wallahi Yaya ranar idona bai gan shi ba. Inda sunan yarinyar yake kawai nake bi, ina kaiwa kan girki da goyo na ninke takardar don haushi. Sannan na zauna na ɗinka maka abin rufe bututai, kuma duk kalolin da ke shagon ban ɗauko ba sai kalar motocin soja. Ni tunanin dauɗa nake yi.

Maganar 'yar aiki kuma, ka yafe min. Bakina ne ya riga hankalina. Kai ka ɗauke ta lokacin da kowa ya juya baya, ni kuma na saka maka da wannan. Ka ba mai ɗakinka haƙuri in ta ji.

In ka ga hanya ba kyau ku fasa tafiyar. Ka fi ni sanin ƙasa, da ma haka ka ce tun farko. Direba ya ce sai ya cika lodi zai tashi, na roƙe shi har da durƙusawa. Allah ya sa ta riske ka a gida.

Ƙanwarka,
Tela

*

Yayana,

Ina gaisuwa. Yaya gida, yaya mai jego da jaririya? Ni ban san yadda nake ba.

Shiru ya yi yawa. Na je bakin iyaka tun farkon makon da ka faɗa, na samu gindin wata bishiya inda ake hango masu tahowa. Duk yarinya mai tsayinta sai na miƙe. Ana nan aka ja ƙarfe aka rufe iyakar a kan idona. Mutane suka taru ta can gefen suna miƙo jarirai ta saman waya, sojojin nan suna mayar da su. Na ga wani tsoho ya zauna a ƙasa ya cire takalmansa ya jera su a gabansa, kamar ya iso gida. Na yi ta kiran Malama har muryata ta dushe, ba wanda ya amsa.

Na dawo shago don mai shagon ya aiko cewa zai ba wata kekena. Ina shiga na tarar an kunna rediyo, ana cewa sojojin mamaya sun sanar da tarwatsa wata babbar mota ɗauke da makamai a kan wata gada, a hanyar iyaka. Ba su faɗi wace gada ba. Abokan aikina suka ce manyan motoci sun yi yawa a duniya, in kwantar da hankalina. Na ce to.

Direba ya ce motar magani kaɗai ake bari ta shiga ta fito yanzu. Ya ce wancan zuwan ya miƙa wasiƙata ga wani yaronka a ƙofar gida, bai ga kowa babba ba. Yaya, ko zagina za ka yi ka rubuto. Ka ce min ba ka rufe ba.

Tela

*

Zuwa ga Maman Malama,

Assalamu alaikum. Ni ce matar yayanki. Ina fata kina lafiya. Yara lafiya, jaririya tana shan nono. Ni jikin da sauƙi wata rana, wata rana babu.

'Yarki tana raye. Tana nan gabana, na sa wannan a farko don na san shi za ki nema. Kunnenta na hagu ba ya ji, akwai yanka a hannunta an ɗinke, ban da wannan ba abin da ya taɓa jikinta.

Yayanki ya rasu. Allah ya yi masa rahama. Motar da kika ji a rediyo Tsohuwa ce.

Wasiƙarki mai cewa kada a rufe ta iso washegarin tafiyarsu. Ni na buɗe ta. Zan gaya miki yadda abin ya faru kamar yadda Dogo ya gaya min, don Malama har yau ba ta ba da labarin ba, kuma gara ki ji daga gare ni.

Bai rufe motar ba da suka tashi. Ya ninke tampol ɗinki ya tura bayan kujera, Malama na gaba tsakaninsa da Dogo. A shingen farko wani soja ya karɓi katin makarantarta, ya dubi katin, ya dube ta, ya ƙi mayarwa. Tafintansu ya ce, "Sun ce yarinyar ta sauko." Yayanki ya sauka shi, ya tsaya a bakin ƙofar motar ya tare, yana ta zuba musu surutu da dariya, yana nuna famfon da aka zana, yana cewa 'yarsa ce, ita ke riƙe masa lissafin bututai. Dogo ya ce bai taɓa ganin mutum na dariya gumi na zuba daga haɓarsa haka ba. Motoci suka taru a baya, babbansu ya daka tsawa, aka ɗaga musu hannu. Katin dai bai dawo ba. Da za su wuce tafintan ya matso ya ce a hankali, "Na gaba sun fi waɗannan. In kana da inda za ka ɓoye ta, ɓoye ta."

Da suka sha kwana ya tsaya ya jawo tampol ɗin. Dogo ya ce, "Oga, ka manta mai bututun ban-ruwa?" Ya ce, "Ban manta ba. Na sama wataƙila ne. Na ƙasa kuwa yanzu na ga idonsu." Suka gyara mata wuri tsakanin bututai suka ɗaure. A shinge na biyu an sauke mata biyu daga motar da ke gabansu. Su aka leƙa gaba, aka ga maza uku da injin haƙa, aka ce su wuce. Ki san wannan ma, tampol ɗinki ya yi aikin da kika ɗinka shi dominsa.

Ya so ya kwance shi nan take, amma daga shingen har gada an kafa doka ba a tsayawa, duk motar da ta tsaya harbi ake. Suna tafe suna jin sauro a sama. Da suka iso gadar ya taka birki ya ce, "Kowa ya sauka." Makaniki ya ce, "Oga, yau dai mu wuce kawai, abin nan na kanmu." Ya ce, "Ko yau ne tashin duniya, ba mai hawa gada a cikin Tsohuwa sai ni. Ku fito min da Malama. In na haye, ga inuwa can, sai mu kwance." Suka zaro ta ta ƙarƙashin tampol, ta fito tana haki tana cewa, "Kawu, yau ma?" Ya ce, "Yau ma, Malama. Je ki ba ni hannu."

Suka haye da ƙafa su uku. Ita ce ta juyo ta ɗaga masa hannu. Dogo ya ce yana ganin haƙoransa ta gilashi, ya kai tsakiyar gada yana lallaɓawa kamar yadda ya saba. Daga nan bai ji ƙara ba ma, ya dai tsinci kansa a kwance cikin ciyawa, bakinsa cike da ƙasa. Da ya ɗaga kai babu gadar, babu motar. Bututai fari da shuɗi suna ta faɗowa cikin kogi.

Abin da mutanen ƙauyen da ke kusa da gadar suka iya tsamowa sun binne a bakin kogin. Ban gan shi ba. Ina zaune da jaririya a cinya aka shigo aka gaya min, na ce ƙarya ne, ko abincin da ya ce in ajiye masa yana nan a rufe. Rediyonsu kuma ya ce rokoki. Mutumin da ya shayar da rabin garin nan ruwa.

Dogo ya kai Malama iyaka da ƙafa, suka tarar an rufe. Ya dawo min da ita, don ba shi da inda zai kai ta.

Na san abin da kika rubuta masa a kan 'yar aiki. Ranar bai ci abinci ba. Na so in tsane ki, Maman Malama, ba zan ɓoye miki ba. Wasu ranakun ina iyawa. Sai in ga yarinyar nan ta goya jaririya tana jijjiga ta, ta karkato kunnen dama don ta ji ko ta yi shiru, sai abin ya gagare ni. Yanzu kam da gaske ita ke riƙe da gidan, don ni in na miƙe faɗuwa nake. Ba ta kuka, ba ta gyara wa kowa magana. In an ƙwanƙwasa ƙofa sai ta ɗaga hannu sama kamar mai ba mota hanya, sannan ta sauke.

Ba na riƙe miki ita. In har yanzu kina so a kawo ta, ki rubuto ki gaya min wanda zai kawo ta.

Matar yayanki

*

Zuwa ga matar Yayana,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya sa ruwan da ya shayar ya zame masa haske a kabari. Ya ba ki lafiya da haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ba ni da bakin da zan ce ki yafe min, kuma ba a takarda zan roƙa ba.

Ba wanda zai kawo ta. Ta zauna inda ya ce ta zauna tun farko.

Na je na tambayi sojojin bakin iyaka. Suka ce fitowa aka hana, mai son shiga ba ruwansu da shi, sai dai ya sani ba zai dawo ba. Ɗaya ya ce, "Hajiya, kowa na gudowa ke za ki shiga?" Na ce gidanmu ne. Na ajiye aiki, na kwance kan kekena na naɗe a zane. Direba ya ce in ya sauke wannan lodin ya dawo, zuwa na gaba akwai wuri a gaba kusa da shi.

Girki da wanki da goyo nawa ne daga ranar da na iso, ke ki kwanta. Ki gaya wa Malama ina tafe. Ki faɗa mata ta kunnen dama.

Tela